Waya a Aljihun Maigida: Karatu Daga Nesa da Yaran Zangon Kwatano

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda ɗaliban unguwar Zango da ke birnin Kwatano suka ji da rufe makarantu a shekarar 2020, da abin da hakan ya tona game da giɓin da ke tsakanin masu iya kaiwa ga intanet da marasa iyawa. Hujjarta ita ce, a unguwa irin Zango rashin sabis shi ne ƙaramar matsala. Abin da ya raba yaro da darasi shi ne hannun da ke riƙe da wayar, da kuɗin data, da harshen da darasin ya zo da shi, sai kuma irin makarantar da hukuma ta san da zamanta.

Gabatarwa

Ranar 16 ga Maris 2020 Jamhuriyar Benin ta sanar da samun mutum na farko mai cutar korona. Makonni biyu bayan haka, ranar 30 ga wata, aka sallami 'yan makaranta, aka kuma kewaye Kwatano da Porto-Novo da Abomey-Calavi da wasu garuruwan kudu da shingen kariya, ba shiga ba fita sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Sai dai ba a kulle kowa a gida ba. Shugaba Patrice Talon ya fito ya faɗi abin da kowa ya sani, cewa ƙasarsa ba ta da ƙarfin ciyar da jama'ar da akasarinsu sai sun fita da safe suke samun na cefane. Don haka kasuwar Dantokpa ta ci gaba da ci, 'yan zemijan masu rigar ɗorawa suka ci gaba da kai da komo a kan baburansu.

Wannan ɗan bambanci ya sauya komai game da karatu daga nesa, amma da wuya a ga an ambace shi. A Faransa ko Ingila, annoba ta tsare uba da uwa da yaro a ɗaki guda, ga kwamfuta a kan tebur, ga babba a gefe yana dubawa. A Kwatano yaro ne kaɗai aka ce ya zauna. Manya sun fita neman abinci, sun kuma fita da wayoyinsu.

Unguwar da ake magana a kai

Zangon Kwatano yana tsakiyar gari, a gunduma ta biyar, inda takardun hukuma suka raba shi gida biyu, Zongo Nima da Zongo Ehuzu. Babban masallacin Zango shi ne alamar unguwar. A lokacin annobar, kasuwar Missèbo da tashar Jonquet da Dantokpa duk ana zuwansu da ƙafa. Kamar sauran zanguna daga Kumasi zuwa Lome, asalinsa masaukin baƙi ne. Tun kafin zuwan Turawa fataken goro ke ratsa arewacin wannan ƙasa ta Nikki da Parakou da Djougou a hanyarsu daga Kano zuwa Salaga. Da Faransa ta shimfiɗa dogo daga bakin teku zuwa Parakou, aka kuma buɗe tashar jiragen ruwa ta zamani a 1965, sai cinikin ya juyo kudu, Kwatano ta zama ƙofar kayan Nijar, alhazan Maraɗi da direbobin Dosso da Gaya suka saba da hanya. A yau mutum zai ji Hausa da Dendi da Zabarmanci da Yarabanci da Fon a layi guda kafin ya kai ƙarshensa.

Unguwa ce ta 'yan kasuwa, kuma korona ta same ta ne a jigace. Tun watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, har da ta Seme, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Duk wanda abincinsa ya rataya ga shinkafa ko atamfa ko motar da za a tsallaka da ita Legas ya riga ya yi watanni bakwai yana cin uwar kuɗi kafin a ce masa ɗansa zai koma karatu ta waya.

Igiya a bakin teku

Mai neman bayanin giɓin intanet a Afirka yakan fara da taswira: ga inda eriya ta kai, ga inda ba ta kai ba. Wannan taswira ba ta da abin da za ta faɗa a kan Zango. Igiyar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna SAT-3, wadda ta fara aiki a 2002, a gaɓar Kwatano ta fito. ACE ta biyo baya a 2015. A 2020 MTN da Moov duk suna da sabis mai ƙarfi a tsakiyar birnin, kuma a 2022 Celtiis ta gwamnati ta zama ta uku. Yaron Zango ya fi akasarin yaran Afirka ta Yamma kusanci da tushen intanet idan da tafiyar ƙafa ake aunawa.

Ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta duniya, GSMA, ta daɗe tana nuna cewa a Afirka kudu da Sahara kusan kashi 60 cikin 100 na jama'a suna zaune ne a inda sabis ya kai amma ba sa amfani da intanet, kuma sun ninka waɗanda sabis bai kai gare su ba sau da yawa. A watan Afrilu 2020 UNESCO ta ce kashi 89 na ɗaliban yankin ba su da kwamfuta a gida, kashi 82 ba su da intanet. UNICEF ta ƙiyasta a watan Agusta na shekarar cewa aƙalla yara miliyan 463 a duniya ba wani nau'in karatu daga nesa da ya isa gare su, kuma a Yammaci da Tsakiyar Afirka kusan rabin ɗalibai ne, miliyan 54. Waɗannan alƙaluma na yanki ne baki ɗaya, sun haɗa ƙauyen da ba wuta da birnin da ke da igiyar teku. Abin da ya sa Zango ya cancanci nazari shi ne, a nan uzurin nisa ya faɗi, sai sauran dalilan su fito fili.

Na farkonsu kuɗi ne. A 2020 mafi ƙarancin albashi a Benin sefa 40,000 ne a wata, sai a Janairu 2023 ya koma 52,000. Wayar Tecno ko Itel mafi araha da za ta iya buɗe bidiyo tana cinye mafi yawan wannan albashi, kafin a zo maganar data. Mutanen Benin kuwa sun san zafin kuɗin data tun kafin annoba. A watan Yuli 2018 gwamnati ta kafa dokar harajin sefa 5, dala ɗaya ke nan, a kan kowane megabait da aka kashe a WhatsApp da Facebook da makamantansu. Lissafin ba wuya: darasi mai nauyin megabait 200 da aka turo ta WhatsApp zai ci jika guda a haraji kaɗai. Matasa suka tayar da ƙayar baya da gangamin #TaxePasMesMo, kuma ranar 22 ga Satumba, kwanaki kaɗan da fara aiki da dokar, gwamnati ta janye. Da ta tsaya, da malamin da ya tura wa ɗalibansa aiki a 2020 ya zama mai karɓar haraji ba tare da saninsa ba.

Wayar ta wa?

Masu ƙidaya suna tambaya ko akwai wayar zamani a gida, a ce musu akwai, su rubuta su wuce. A shiga irin gidajen haya na Zango a ga abin da wannan amsa ta ɓoye. Gida ne mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna a jere, kowane ɗaki da iyali. Mitar wuta ta kati guda ce, ana karo-karo a sa mata kuɗi, in ta ƙare da dare sai wanda ke da hali ya taimaka ko a kwana a duhu. Wayar zamani ɗaya ce a ɗakin, ta maigida. Da ita yake karɓar hoton kaya daga abokin ciniki, da ita yake tura kuɗi ta MoMo, da ita yake jin ko mota ta wuce iyakar Malanville. Ita ce shagonsa na biyu. Yana idar da sallar asuba ta shiga aljihu, ba za ta dawo ba sai bayan isha'i, batir ya yi ja, datar yini ta ƙare.

A lokacin ne yara uku ko huɗu za su kewaye ta. Babban yana ajin jarrabawa, don haka shi ne da haƙƙi. In malami ya turo hoton allo, sai a ja shi da yatsu biyu a kan gilashin da ya tsage, a kwafa cikin littafi da sauri kafin kira ya shigo. Ƙaramin yakan yi barci kafin layi ya zo kansa. Uwar tana da waya, amma ƙarama ce mai maɓalli, ta kira da rediyo da tocila.

'Ya mace kuwa tana da wani shinge na daban. Binciken GSMA ya nuna matan yankin sun gaza maza wajen amfani da intanet ta waya da kusan kashi ɗaya bisa uku, kuma ba talauci kaɗai ne dalili ba. Uba da yawa da zai miƙa wa ɗansa waya ba tare da tunani ba, sai ya yi jim idan 'yarsa budurwa ce ta nema, don tsoron abin da ke shigowa ta cikinta. Tsoron yana da tushe, ba abin raini ba ne. Amma sakamakonsa shi ne yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a aji ta koma ta ƙarshe a layin waya. Ga aikin gida da ya ƙaru da zaman kowa, ga azumi da ya kama a ƙarshen Afrilu, ga talla da uwa ke ganin ba dalilin da zai hana tunda ba lakwal.

Harshen darasi

Faransanci ne harshen hukuma da na makaranta a Benin, tun daga ajin farko. Firamare shekara shida ce, daga CI zuwa CM2, sai jarrabawar CEP, sannan BEPC, sannan BAC. Ɗan ma'aikacin gwamnati a unguwar Haie Vive ko Cadjèhoun yana jin Faransanci a wurin cin abinci da a talabijin. Yaron da aka haifa a ɗakin Hausa ko Dendi, aji ne kaɗai wurin da yake jin harshen na tsawon sa'o'i, daga bakin mutumin da ke kallon fuskarsa ya gane ko ya fahimta. Rufe aji a wurinsa rufe harshen ne gaba ɗaya.

A nan jadawalin komawa makaranta ya yi wa waɗannan yara rashin adalci, ko da ba da niyya ba. Ranar 11 ga Mayu 2020, makonni shida kacal da rufewa, aka janye shingen, 'yan CM2 da na sakandare da na jami'a suka koma, aka kuma yi jarrabawar ƙasa a watan Yuli. 'Yan CI zuwa CM1 ba su koma ba sai watan Agusta, suka yi 'yan makonni na cike giɓi. Wato waɗanda suka fi daɗewa a gida, fiye da wata huɗu, su ne ƙanana masu koyon haɗa baƙi, waɗanda ba sa iya karanta saƙon malami da kansu, waɗanda kuma iyayensu da yawa karatunsu na allo ne da ajami, ba na boko ba. Uwa za ta iya haddace izu goma ta kuma iya lissafin bashin masu sayen tuwonta ba tare da biro ba, amma takardar aikin gida da Faransanci ta fi ƙarfinta. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kashi 89 na yaran Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta a shekara goma. A waɗannan azuzuwa na farko ake cin wannan yaƙi ko a faɗi.

Duk da haka, mai maƙalar na ganin gaggawar buɗe makarantu ita ce shawara mafi adalci da gwamnatin Benin ta yanke a harkar ilimi a wannan shekara. Najeriya ta yi wajen wata shida makarantunta a rufe. Uganda ba ta buɗe gaba ɗaya ba sai Janairu 2022, kusan shekara biyu. Kowane mako na rufewa riba ne ga mai kwamfuta da malamin gida, asara ne ga mai jiran wayar uba. Benci da allo da alli, duk da cunkoso da zafi, har yanzu su ne wurin da ɗan dillalin albasa da ɗan darakta ke jin bayani ɗaya a lokaci ɗaya.

Jami'a da datar kyauta

A matakin jami'a an gwada wani abu da ya cancanci yabo. Da aka koma a watan Mayu, manyan ɗakunan lacca na Jami'ar Abomey-Calavi, inda ɗalibai ke cika maƙil, ba su dace da dokar ba da tazara ba. Sai gwamnati ta buɗe dandalin karatu ta intanet na jami'o'inta, ta kuma daidaita da MTN da Moov cewa shiga dandalin ba zai ci datar ɗalibi ba.

An cire shinge guda, saura suka tsaya daram. Data kyauta ba ta saya wa kowa waya ba. Karanta shafi tamanin na darasin shari'a a kan gilashi mai faɗin tafin hannu azaba ce, shi ya sa mai wayar kirki yakan sauke takardar, a kai wa mai hoton takardu, kowa ya biya nasa kwafin. Ɗalibi ya dawo kan takarda ke nan, da ƙarin kuɗin bugawa. Ga kuma rashin wurin zama shiru a gidan da rediyo uku ke magana lokaci guda.

Ita kanta igiyar tekun ba abin jingina da ido rufe ba ce. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu, har da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun Kodebuwa, Benin na cikin ƙasashen da abin ya fi shafa. Tsarin karatun da ba shi da madogara sai intanet zai iya tsayawa cak saboda abin da ya faru a ƙasan teku.

Karatun da ba a ƙirga ba

Yaron Zango yakan yi karatu biyu, wani ma uku: lakwal da safe, allo ko islamiyya da yamma, wasu kuma suna makarantun da ke haɗa Faransanci da Larabci. An rufe masallatai da coci-coci tun watan Maris, ba a buɗe ba sai farkon Yuni, don haka azumi da ƙaramar sallah na wannan shekara sun wuce ba tafsirin masallaci. Malamin allo ba ya kan takardar albashin kowa, kuɗin Laraba da sadaka ne abincinsa, kuma ba wani shirin karatu daga nesa da aka tsara da shi a zuciya. A arewacin Najeriya ma abin da almajiri ya samu daga gwamnoni a watannin Afrilu da Mayu shi ne mota zuwa jiharsa ta asali.

Abin mamaki, wannan ɓangare da aka manta da shi ne ya fi kowa gogewa a karatu daga nesa. Shekaru da dama kafin korona Hausawan Kwatano suna sauraron malaman Kano da Kaduna da Zariya da Yamai, da farko a kaset, daga baya a katin memori da ake sakawa a ƙaramar waya. Mai cajin waya a bakin titi yana da kwamfuta tsohuwa cike da karatu, ka ba shi kati da ɗan canji ya loda maka tafsirin wata guda. Daga nan ya bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender, ba data ko ta dala. Tsohuwar da ba ta san harafin boko ko ɗaya ba tana danna maɓalli ta aika saƙon murya zuwa Maraɗi ta kuma saurari amsa. Wannan hanya tana aiki da murya, da harshen gida, a kan na'urar da mata ke riƙe da ita, ba ta jiran sabis, ana kuma iya maimaita ta sau goma ana tuƙa tuwo. Duk shingen da aka lissafa a baya ta tsallake shi.

Wasu wuraren sun gane haka. Saliyo ta koyar da yara ta rediyo lokacin Ebola a 2014 da 2015, ta kuma farfaɗo da shirin da korona ta zo. Jihar Kaduna ta sa darussa a rediyo da talabijin a 2020. Sai dai rediyo yana da lokaci, in ya wuce ya wuce, katin memori kuwa yana nan a aljihun uwa. Masu tsara manufa suna son dandali mai kalmar sirri domin yana ƙirga waɗanda suka shiga, yana kuma kyau a rahoto. Darasin lissafi na minti goma da aka yi bayaninsa da Hausa ko Dendi sannan aka maimaita da Faransanci ba ya ƙirguwa da sauƙi, ba kuma a yanke masa kintinkiri a gaban 'yan jarida, amma zai kai ɗakin da dandali bai taɓa leƙawa ba.

Benin ta zuba kuɗi sosai a fannin fasahar zamani. Ta kafa dokar harkokin zamani a 2018, ta shimfiɗa igiyar intanet daga kudu zuwa arewa, ta buɗe tashar wutar Maria-Gléta a 2019, ta kuma gina ɗakunan kwamfuta a wasu makarantu. Duk wannan aiki ne na ƙwarai, amma ya tsaya a bakin ƙofar gida, ɗakin kwamfutar makaranta kuwa yana rufe ne a ranar da aka rufe makarantar. Annoba ba ita kaɗai ke hana aji ba, akwai yajin aikin malamai, akwai ambaliyar damina da Kwatano ta sani sarai, akwai kuma matsalar tsaro da ta taɓa makarantu a arewacin ƙasar.

Kira na farko ga masu bincike ne: a daina tambayar ko akwai waya a gida, a koma tambayar awa nawa take yini a gida, wa ke taɓa ta, kuma a wane harshe. Na biyu ga shugabannin Zango ne, limamai da sarakunan al'umma da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata. Unguwar tana da 'ya'yanta da suka gama Abomey-Calavi suna jin Hausa da Dendi da Faransanci, tana da masu cajin waya a kowace kusurwa, tana kuma da al'adar karo-karo da ta gina masallatai. Su haɗa waɗannan matasa da malaman firamare, a naɗi darussan CI zuwa CE2 da murya, a raba su a kati tun makarantu suna buɗe, kada a jira sai an sake rufe su.